Filin Ƙwallon Gajere

Daga unguwar Didaouré ta Sokodé har kasuwar shanu ta Dapaong, babu wanda bai san idon Gajere ba. Dillali ne, kuma shi da bakinsa yake cewa ko uwarsa ce ta kawo masa saniya sai ya buɗe bakinta ya ga haƙora. Ya matsa tozo, ya tsunkuli gindin wutsiya, ya sa a ja ta ta yi taku goma, sannan ya ce, "Na gani." Idan ya faɗi kalmar nan, mai saye ba ya ƙara dubawa. Saboda ita ne Belel, wani tsohon makiyayi daga Mandouri, ya shekara goma sha ɗaya ba ya miƙa igiyar shanunsa ga kowa sai Gajere. Shanun Belel kuwa su ne rabin tuwon gidansa.

To, wannan mai ido shi ne a shekarar 1981 ya tsaya a butik, wato shagon Issifou mai rediyo, a Sokodé, takarda ta ci shi da yaƙi.

Shafi ne da aka yago daga wata mujallar Faransa aka liƙa a bango. A jiki ga talabijin, ga 'yan ƙwallo biyu sun ɓullo daga cikinta har tsakar ɗaki, zufa na tsatsafo musu, ciyawa kore shar. A gefe wani Bature da matarsa da 'ya'yansu sun wangale baki kamar an ce musu an soke mutuwa. A ƙasa ga ɗan akwati baƙi mai igiyoyi biyu.

"Me aka rubuta?" in ji Gajere.

"Wai filin ƙwallo a cikin ɗakinka," in ji Issifou. "Kai za ka riƙa juya 'yan wasan da hannunka."

"Kamar yadda suke a nan?"

Issifou ya ɗaga kafaɗa. Shi ma bai taɓa gani ba. Gajere ya ce a kawo masa ɗaya daga Lomé, ya kuma roƙi takardar, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba inda yake ajiye goro.

Da ya nuna wa matarsa Dija, ta juya takardar ta dubi bayanta, ta ce, "Maigida, ka buɗe bakinsa?"

"Bakin wa?"

"Abin da ka saya. Ko talabijin ba mu da ita, ka sayo mata ɗa."

Ya ce su mata ba su san zamani ba. Ta ce haka ne, ta koma kan tukunyarta.

Kafin akwatin ya iso, Gajere ya hau zuwa Dapaong sau biyu, kuma sau biyun ya yi tallarsa a ƙarƙashin rumfar dillalai da muryar da yake yabon bijimi. 'Yan ƙwallon har sun fara tari da atishawa a bakinsa. Dogo, abokin hamayyarsa, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan shanun Belel, ya ce, "In sun gaji wa ke ba su ruwa?" Aka yi dariya. Belel bai yi ba. Ya dogara haɓarsa a kan sanda ya dubi takardar tsawon lokaci.

"Gajere, ka gani?"

Nan ne wurin da ya kamata mutum ya ce, hoto na gani. Amma Dogo na tsaye yana washe haƙora, rumfa duk ta zuba masa ido.

"Na gani, Baffa."

"To," in ji Belel.

Akwatin ya iso ana saura kwana biyu babbar kasuwa. Issifou ya ce ya bari su gwada a butik. Gajere ya ce kamyo, babbar motar kaya, na jiransa, kuma ba ya so a yage ledar, sabo ya fi kwarjini. Haka ya rungume kwalin a cinya tun daga Sokodé har Dapaong, duk ramin da motar ta faɗa sai ya ce, "Direba, a hankali, akwai mutane a ciki."

A zangon Dapaong mutum ɗaya ke da talabijin, Alhaji Wahabu mai goro. Ya sayo ta a Kano shekara uku da suka wuce, kuma tun daga ranar ba ta taɓa nuna komai ba sai yayyafi. An lulluɓe ta da mayafi mai ado, ana buɗe wa baƙi su ga gilashin. Bayan azahar aka fito da ita zaure, aka ciro batirin kamyo, dillalai da makiyaya suka cika tabarmi har waje. Belel na gaba. Shanunsa ashirin da bakwai suna bayan gari, bai riga ya ba kowa igiya ba.

Aka ɗauki lokaci ana soka waya ana zarewa. Can yayyafin ya ɗauke, gilashi ya yi baƙi.

Farar sanda a hagu. Farar sanda a dama. Wani ɗigo mai kusurwa huɗu, kamar ƙwayar sukari, ya taso ya bugi sandar dama ya ce "pip", ya komo ya wuce ta hagu ya ɓace. Wani ya fito.

Aka jira. Gajere ya fi kowa jira. Ya ji zufa na bin bayansa, irin wadda ya yi wa 'yan ƙwallo alkawari.

"Ba su fito ba tukuna," ya ce. "Suna shiri."

"Suna ɗaure takalmi," in ji Dogo.

Gajere ya danna duk abin da ke dannuwa. Sandunan suka zama huɗu. Ya sake dannawa, suka koma biyu, sai dai sun gajarce.

"Ga shi har sun ɗauko kamannin mai su," in ji Dogo, zaure ya ɗauka.

"Laifin talabijin ne," in ji Gajere, "ba ta da launi."

"Kul!" in ji Alhaji Wahabu. "Shekara uku tana zaune da mutuncinta."

Sai dillancin ya motsa. Gajere ya gyara murya ya ce a duba da kyau, sandar nan ita ce mutumin, ɗigon shi ne ƙwallo, baƙin nan kuma ciyawa ce, Turawa haka suke yi, sauran mutum ya cika da hankalinsa.

Belel ya miƙa hannu. "Ba ni abin."

Aka sa masa ɗan murfin da ke bakin igiyar akwatin a tafin hannu. Ya murza, sandar hagu ta haura. Ya murza baya, ta sauko. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana tare ɗan maraƙi kafin ya yanke shawarar inda zai gudu, ɗigon sukari ba zai wuce shi ba. Ya cinye Alhaji Wahabu. Ya cinye Dogo sau uku, yana cewa, "Kai, tare can! Tare can!" har hularsa ta faɗi. Waɗanda suka gama dariya suka fara faɗan layi. Aka kira la'asar, babu wanda ya motsa sai da ladan ya leƙo da kansa.

Gajere ya ji numfashinsa ya dawo. Har ya fara tsara yadda zai ba Dija labari. A bakin zaure ya tari Belel, ya rusuna ya ɗauko masa takalmi.

"Ka ga abin da na faɗa maka, Baffa?"

"Wasa mai daɗi," in ji Belel. "Wallahi mai daɗi. Da ka ce mini sanda biyu da ɗigo, da na zo."

Ya kwance igiyar da ke kafaɗarsa, ya naɗe ta a hankali, ya miƙa ta bisa kan Gajere, inda hannun Dogo ke jira.

"Baffa, shekara goma sha ɗaya!"

"Shekara goma sha ɗaya ban duba bayanka ba. Yanzu sai na duba, kuma idona ya tsufa." Ya sa takalminsa. "Kada ka tafi da akwatin. Ni da Alhaji ba mu gama ba."