Dutsen da Ya Faɗo a Kunya Uku

Ni ban yi boko ba, kuma ba na tsoron mutum. Da damina ta faɗi, na tuge gambar da ta raba gonata da ta maƙwabcina Hussaini a bayan garin Dutsi, na dasa ta kunya uku cikin tasa. Ya kai ƙara gun mai gari. Na tsaya gaban dattawa na ce, "In na taɓa iyakar nan, kwarankwatsa ta ci ni." Aka bar mini kunyoyin.

Ran wata Talata da kaka, bayan la'asar, ina girbin gero, sama tas babu hadari, sai na ji ƙara kamar tayar tirela ta fashe. Wani abu ya wuce fuu, ya nutse cikin kunyoyin nan uku, taku goma daga inda nake. Baƙin dutse ne, bai fi dunƙulen hannu ba. Magirbi ya suɓuce mini, na ruga gida.

Kwana biyu ban ci tuwo ba. Ko kwano ya faɗi sai na zabura. 'Yata Zubaida, mai koyarwa a sakandare a Daura, ta zo muka je gonar, ta ɗauki dutsen tana juyawa.

"Ke! Ajiye shi!"

"Baba, ba aradu ba ce. Tun farko ƙura da iska ne ke kewaya rana. Wani curi ya yi ta haɗiye na kusa da shi har ya zama Mushtari, ƙatuwar duniyar da tamu dubu za ta shige cikinta. Abin da ya rage a gefenta ya dunƙule ya zama watanninta, kamar ana cura fura. Wannan ɓarɓashi ne da ƙarfinta ya hana haɗuwa. Jefi-jefi takan wurgo ɗaya."

"Tun yaushe yake yawo?"

"Tun kafin a yi ɗan Adam."

"Akwai saura?"

"Ba su ƙirguwa, Baba."

Ita a ganinta ta kwantar mini da hankali. Dutsen da ya yi wannan doguwar tafiya, duk faɗin ƙasar Daura bai ga wurin sauka ba sai kunya ukun nan?

Da safe Hussaini ya tarar da ni ina mayar da gambar.

"Ɗantsoho, lafiya?"

"Naka ne, har geron da ke kai. Zo mu je gun mai gari in faɗa da bakina."

Muna tafe, idona na sama.