Wutsiyar Kaset

Manaja ya hure ƙurar da ke bayan kaset ɗin, ya karanta abin da aka rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe: BUƊE TASHA. Ya tura shi cikin tsohuwar na'urar bidiyo, ya ja kujera, ya harɗe hannuwa kamar mai jiran a rataya masa lambar yabo. Allon ya yi ƙyafce-ƙyafce, sai ga wani mutum mai ƙaton tabarau yana bayani a kan rigakafin cutar kaji.

"Injiniya, wannan ne buɗe tashar?"

Injiniya yana durƙushe yana naɗe wata waya da salatif. Bai ko ɗago ba.

"Kaset ɗin Buɗe Tasha ne, ranka ya daɗe. Ai ba ka ce min abin da ke ciki kake nema ba."

Manaja ya zaro wani mai suna GOBARAR KASUWA. Gasar kacici-kacici ce ta 'yan firamare. ZUWAN MINISTA kuwa wata mata ce ke koyar da haɗa sabulu.

A yammacin ranar tashar za ta cika shekara talatin, kuma mako biyu ke nan Manaja yana fitowa da kansa, da sabuwar hula, yana gaya wa masu kallo cewa za su ga tarihinta tun daga ranar farko. Masu kallon ba su da yawa. Tashar ɗaki uku ce a saman wani shagon taya, kuma hotonta yana kaiwa daga gada zuwa asibiti, in ba a yi ruwa ba. Na'urar da ke watsa shi tana zaune a inda a da banɗaki ne, fanka biyu na yi mata fifita. Da jama'ar gari ne kawai, da Manaja ya fito ya ba da haƙuri, don ya ƙware a wannan fanni. Amma ya yi wa Goggo alkawari.

Goggo ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta riƙe shi, kuma mijinta, marigayi Mai Eriya, shi ya kafa tashar. Mai gyaran talabijin ne da ya gaji da gyara wa mutane akwatin da ba sa ganin kowa nasu a ciki. Sai ya kafa ƙarfe a kan rufi, ya shiga nuna ƙwallon unguwa da bikin raba kyaututtuka a makarantu da cigiyar awaki. Ya ɗauki hoton rabin garin, amma shi kansa hotonsa ɗaya ne a gidan, na katin shaida, inda ya yi kama da wanda aka kama da laifi. Idon Goggo ya fara hazo. Da Manaja ya ce mata za ta ga mijinta yana motsi, washegari ta aika aka goge mata gilashin talabijin.

"To ina shi Mai Eriyan?" in ji Manaja. "Ina ranar da aka yanka zaren buɗe tasha?"

"Tana ƙarƙashin kaji," in ji Injiniya. "Kajin ma a kan wani abu suke. Ka manta dokarsa? Kaset ba ya zaman banza. A ɗauka, a nuna, a ɗora wani a kai."

"Sunan fa? Me ya hana a canza?"

"In an canza ta yaya za mu gane su? Buɗe Tasha shi ne mai kyan sauti. Gobarar Kasuwa yana cin zare a tsakiya. Kai da bakinka sau nawa ka ce a miƙo maka Zuwan Minista za ka ɗauki labarai?"

Manaja ya dubi tulin kaset ɗin. Gaskiya ne. Shekaru yana kiran kaset-kaset ɗin nan da suna kamar 'ya'yan cikinsa, bai taɓa tambayar ina ministan ya tafi ba.

Mai Labarai ta leƙo daga ƙofa, da takardun labaran yamma a hannunta.

"Yallaɓai, in rubuta ban-haƙuri? Akwai na makon jiya, suna kawai zan canza."

"Kada ki rubuta komai."

"Ko mu ce wuta ce? Mutane sun saba."

"Yau da wuta," in ji Manaja. "Abin da ya sa ma raina ya ɓaci ke nan."

Ya mayar da Buɗe Tasha, ba don yana sa ran komai ba, sai don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. Ya bar mai kaji ya yi ta bayani har ya gaji ya yi sallama. Allon ya yi dishi-dishi. Sai ga wata mata tana naɗe tabarma a wani fili. Dishi-dishi kuma. Sai ga yara sanye da kayan makaranta irin na da suna rububin fita daga aji. Sannan kaset ɗin ya ƙare.

Manaja ya miƙe tsaye a hankali. Duk wanda ya ɗora sabon abu a kan tsoho ba ya cika kaset ɗin har ƙarshe. Kowane shiri yana barin wutsiyar wanda ya danne, shi ma wancan ya bar ta na gabansa. Can ƙarshen zaren, inda ba wanda ya taɓa damuwa ya kai, tsofaffin shekaru na nan a jere, guntu-guntu.

"Injiniya, kawo su duka."

"Duka? Kabad biyu ne fa."

"Har da na ƙarƙashin teburinka da kake ɗora ƙafa."

Haka suka wuni. A tura kaset, a gudu da shi zuwa ƙarshe, a kwashe abin da aka samu a zuba a kwamfuta. Na'urar takan yi zafi ta fara tauna zare, sai Manaja ya zare mata murfi ya yi mata fifita da hular da ya saya don bikin. Injiniya yana juya zaren da biro yana ƙunƙuni. Mai Labarai ta daina tsokana, ta ja kujera, tana faɗin sunan duk wanda ta gane.

Matsalar ita ce wutsiya wutsiya ce. Ba jawabi ko ɗaya, sai "mun gode" da "Allah ya kai kowa gida lafiya". Ba ƙwallon da ta shiga raga, sai 'yan wasa suna neman takalmansu. An samu gobarar kasuwa, amma bayan ta mutu, mutane na tsaye a cikin ruwa da bokitai. Ministan ma an same shi, ƙeyarsa, yana shiga mota.

"Tarihin mutane suna tafiya gida," in ji Mai Labarai.

"Shi muke da shi, shi za mu nuna," in ji Manaja.

Rana ta karkata ba a ga Mai Eriya ba. Mutumin da ke bayan kyamara ba ya fitowa a gabanta, abin da ya kamata Manaja ya tuna kafin ya buɗe baki a gaban Goggo. Wayarsa ta yi ƙara. Ita ce.

"Ɗan nan, na ce ko da wuri za a fara? Na sa an matso min da kujera."

"Bayan labarai ne, Goggo."

"To. Yana nan dai ko?"

Manaja ya dubi tulin da ya rage a ƙasa. "Muna fito da shi," ya ce.

A wani kaset da ko suna ba shi da shi, bayan an gama wani taron iyaye da malamai, kyamara ta tsaya tana kallon kujeru babu kowa. Sai wani ya zagayo ta gabanta. Ba kai, ba ƙafa, sai ƙirji da tumbi a cikin riga mai ratsin shuɗi, da hannu yana miƙowa. Wata murya ta ce, "Kai, ashe ba ta mutu ba." Allon ya yi baƙi.

Injiniya ya ajiye biron.

"Shi ne," ya ce. "Kullum sai ya manta bai kashe kyamara ba."

Manaja ya sa aka ajiye guntun a ƙarshen shirin. Ya ce wa Mai Labarai ta gabatar da shirin, ya ɗauki makullin babur. Gidan Goggo yana bayan asibiti, daidai inda hoton tashar yake fara tunanin komawa, kuma tun da aka gina wani dogon bene a tsakani, sai an riƙe mata ƙarfen eriya da hannu.

Haka Manajan tasha ya yi bikin cika shekara talatin: a tsaye a bayan taga, rungume da ƙarfe, yana kallon bango.

"Dama kaɗan," in ji Goggo daga ciki. "Ka wuce. Dawo. Tsaya haka."

Yana jin shirin ta taga. Yana jin maƙwabta ma, don daga gidan da ke gefe wata ta ce wa wani ya zo ya ga babansa da gashi. A cikin shirin mutane suka yi ta sallama suna naɗe tabarmi, shekara bayan shekara, har kafaɗarsa ta fara raɗaɗi. Sannan ya ji muryar. Kai, ashe ba ta mutu ba.

Ya jira. Ya shirya bayanin da zai yi a kan rashin kai.

"Ka ga rigar?" in ji Goggo.

"Ba na ganin komai daga nan, Goggo."

"Maɓalli na uku babu. Na ce ya tsaya in sa masa, ya ce taro ba ya jira." Kujerarta ta yi ƙara. "Kada ka motsa, ɗan nan. Ko zai sake wucewa."

Manaja ya san abin da ke biye, shi ya tsara shi da hannunsa: sanarwa ce a kan ɗauke ruwan famfo. Ya sauya kafaɗa, ya gyara tsayuwa, ya ƙara riƙe ƙarfen.