Finjalin da Nofa Ta Ajiye

Nofa ba ta iya karatu ba, amma duk wanda ya sha gahawarta sai ya tambayi wa ya dafa. Shekara arba'in tana suyar ƙwayar gahawa a kaskon ƙarfe a ƙauyensu kusa da Karak, kashi uku, ɗaya ja, ɗaya duhu, ɗaya dab da ƙonewa, ta haɗa ta jefa busasshen ɓaure. Wajen uwarta ta koya. Allah bai ba ta haihuwa ba, wannan hannun ne kaɗai abin da za ta bari a duniya.

Kusai, ɗan ƙaninta, ya zo har gida ya ɗauke ta zuwa Amman. Shi ba ya dafa gahawa a buta irin ta mutane. Wani inji yake da shi a kicin, ɗan Italiya, kuɗinsa ya sayi mota, sai ya yi ta huci kafin ya tsiyayo baƙin ruwan da bai fi cokali biyu ba. Ya ce zai shiga gasar masu haɗa gahawa a baje kolin bana, kuma da haɗinta zai shiga. Abu ɗaya ta nema, ya faɗi sunanta a gaban jama'a. Ya sumbaci goshinta ya rantse.

Wata uku tana tsaye kan kasko, shi yana aunawa yana rubutawa. Injin kuwa ba a yarda ta taɓa ba. Ranar da ta goge shi da tsumma, matarsa Rula ta yi mata tas kamar ta tsone mata ido.

Ranar gasa aka ba shi minti goma sha biyar, alƙalai huɗu a gabansa. Da Turanci yake magana yana haɗawa. Nofa tana layi na uku cikin rigarta ta biki, ba ta fahimtar komai, amma sau biyu ta ji sunanta, har ta ga wata Baturiya cikin alƙalan tana share ƙwalla. Sai matar da ke kusa da ita ta nisa ta ce Allah ya jiƙan goggon nan tasa. Nofa ta tambaya wace goggo. Matar ta ce Nofa mana, wadda ta rasu bara da kaskonta a hannu.

Shi ya zo na ɗaya. Ta tare shi a bayan dandamali ta ce ya dube ta da kyau, gawa yake gani?

"Haba Goggo, ki rage murya," in ji shi. "Mai koya mini ne ya ce labarin mamaci ya fi kawo maki. Sunan kika ce, ban faɗa ba?"

Ya wuce rumfarsa yana zuba wa baƙi. Ta bi shi, ta miƙa hannu, ya ba ta finjali. Ba ta kai baki ba. Ta ajiye shi a gabansa a cike, ta harɗe hannu. A wajenmu baƙo ya ajiye gahawa bai sha ba, yana da buƙata ke nan, kuma mai gida ba ya sake zama sai ya biya masa ita. Kusai ya san haka sarai, a zauren kakansa ya girma.

Ya dubi finjalin, ya dubi agogo. Ya ce irin wannan in ta wuce rabin minti ta lalace, ya tuttular a magudana. Sannan ya juya ga mutanen da suka zubo ido ya ce:

"Ku yi mata uzuri, maƙwabciyar marigayiyar ce. Kewa ke damunta."

Ta ɗaga murya ta ce ita ce Nofa, ga ta da ranta. Suka girgiza kai don tausayi. Wani dattijo ya ce Allah ya ba ta haƙurin rashi, wata ta cusa mata dabino a hannu, Rula ta ja ta waje.

Ta koma ƙauye ta kai ƙara wajen ƙaninta, uban Kusai. Ya zuba mata gahawa, ta ajiye a kan tabarma. Ya ce yaron ya buɗe shago da sunanta, an buga sunan a jakunkuna da baƙin zare a gefe alamar makoki, in aka tona yanzu za a karɓe masa kambun, ta bari kawai. Ta ce ba ta sha sai Kusai ya tsaya inda ya kashe ta ya ce tana raye. Ƙanin ya tashi ya shige ɗaki. Finjalin ya huce a nan, ƙudaje suka sauka a kai.