Wankan Baba Orville

Shekara ashirin da shida ina yankan katako a wata masana'anta. Ranar da aka rufe masana'antar, ko sannu ba wanda ya ce mana. Sai ga ni, Wendell, da furfurata, ina koyon aiki a gidan kula da tsofaffi na bakin kogi.

Matsalata baki. A wurin zarto ƙarar inji ba ta barin magana, da hannu muke zance. Nan kuwa doka ce, kafin ka taɓa mutum sai ka faɗa masa abin da za ka yi. Ni ko sai in ɗaga yatsu in kama aiki. Sau biyu Malama Darlene, mai jarraba mu, tana kayar da ni.

"Wendell, mutum ne a gabanka, ba gungume ba," in ji ta. "Yau ce ta uku. In ka faɗi, sai ka nemi wata sana'ar."

Wace sana'a kuma a garin nan?

Aka haɗa ni da Baba Orville, kurma ɗan shekara tamanin da bakwai, wanda ya kwana tara yana ƙin wanka. Na ƙwanƙwasa na shiga, na buɗe murya kamar mai shela: "Baba, zan ɗaga ka mu je wanka!" Ya zuba min ido kawai. Na maimaita, ko gezau. Malama ta fara rubutu.

Haushi ya ƙume ni, hannuna ya yi halinsa. Na bugi ƙirji sau biyu, na nuna sama, wato "tashi, kai ake jira." Na ce a raina shi ke nan, na kashe kaina.

Sai tsohon nan ya zaro ido. Ya ɗaga hannunsa mai yatsu uku ya mayar min da irin alamarmu: "Sabon shiga, kama kanka." Ashe shi ma tsohon ma'aikacin zarto ne! Ya bushe da dariya har da tari, ya miƙo hannu na ɗaga shi.

Da muka gama wankan muka fito, Malama ta daɗe tana kallon takardarta.

"Wata huɗu bai kula kowa ba," ta ce. "Ka zo Litinin ƙarfe bakwai. Amma sauran tsofaffin, don Allah da baki."

Na buɗe baki na yi mata godiya. Daɗi ya kashe ni, na zauna daɓas a kan benci ina share hawaye.