Lambar da ke Jikin Kwali

Tanna ta tsufa tana saida cuku a Tawa, amma ko saniya guda ba ta taɓa mallaka ba. Cukun na Lalla ne, wata Buzuwa mai shanu da ke zaune a zango, arewa da Takanamat. A da Tanna ke shiga mota ranar kasuwa ta tafi har can, su zauna gindin aduwa su ja ciniki, Lalla na dafa shayi tana ce mata marowaciya. Da gwiwoyi sunka fara ƙi mata, sai ga waya ta zo kamar an aiko ta. Kadidiya, matar ɗanta, ita ta koya mata inda ake dannawa a yi magana a saki. Bokal suke ce mishi. Tanna ba ta karatu, don haka da hoto take gane mutanenta: farin raƙumi Lalla ce, jar mota Ɗahiru direba ne, mace mai tabarau kuwa Rahinatu ce ta Yamai.

Ita Rahinatu matar wani ma'aikaci ce. Biki ya kawo ta Tawa, ta ɗanɗani cukun Tanna, ta koma gida ta fara ɗaukar hotonshi tana sawa a waya, matan Yamai na rububi. Kafin shekara ta zagayo, ita ke kwashe mafi yawan abin da Lalla ke aikowa. Ɗan teburin da ke ƙofar gidan Tanna ya zama na masu shayi da yaran unguwa. Hatsin gidan da maganin gwiwa, duk daga Yamai suke fitowa.

Ga yadda abin ke tafiya. Zangon su Lalla babu rezo, sai ta hau wani tudu mai duwatsu kafin waya ta kama. In ta hau, sai ta aiko bokal cewa kaya na hannun Ɗahiru. In kwali ya iso, Tanna ta buɗe, ta fidda masu tsaga, ta shanya sauran su sha iska, ta sake jera su cikin wani kwalin nata, ta ba ɗan kabu-kabu shi kai tashar manyan motoci. Kuɗi kuma su biyo waya. Tanna kan ce wanda ya ƙago wannan abu, ko wane ne shi, Allah shi ba shi lafiyar gwiwa.

Ran nan cikin damina Rahinatu ta matsa mata, wai ana suna gidan wata babbar mace, cuku take so ko ta halin ƙaƙa. Kaya sunka iso hadari na haɗuwa, gidan kuma babu kwali ko ɗaya, na ƙarshe kaji sun kwana cikinshi. Tanna ta duba cukun sama-sama, ta ga lafiya lau, ta ɗaure kwalin Lalla yadda ya zo ta tura shi tasha.

Da Kadidiya ta dawo daga asibiti inda take shara, ta tambayi ina kwalin daji, za ta zuba gawayi. Tanna ta ce ai yana hanyar Yamai. Kadidiya ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Inna, da rubutun jikinshi kika aika?"

"Wane rubutu? Zanen nan da Ɗahiru ke yi?"

"Ba zane ba ne, Inna. Lambar mai aikowa ce da ta mai amsa. Ta Lalla na sama, taki na ƙasa."

Shekara da shekaru Tanna na ganin wannan baƙin zane, ta ɗauka alama ce Ɗahiru ke sawa don kada kayanshi su haɗe da na wani, kamar yadda ake yi wa tumaki. Abin da ta fi ɓoyewa a duniya, wanda ko ɗanta ba ta taɓa ba shi ba, ita da hannunta ta ɗaure shi da igiya ta biya mishi kuɗin mota.

Rahinatu ta aiko godiya cewa kaya sun iso. Daga nan sai shiru. Matar da ke damunta da bokal safe da yamma, har da tambayar yadda ake daka cuku cikin fura, ta ɗauke ɗif. Tanna ta gane. Ba ta ma ji haushinta sosai ba, don ta san da ita ce ta tsinci lambar, kafin ta kwance igiya ta kira. Abin da ya hana ta cin tuwo shi ne Lalla. In Lalla ta amsa, Ɗahiru zai miƙa kwali kai tsaye ga motar Yamai, ita kuma a bar ta da tebur da masu shayi.

Ta aika wa farin raƙumi gaisuwa, ta tambayi shanu da ruwa, ba ta taɓo zancen ba. Alamar da ke gefen saƙon ta tsaya guda, ba ta zama biyu ba, wato Lalla ba ta hau tudu ba. Ko kuwa ta hau, ta yi magana da wadda take so, ta sauka kafin nata ya shiga? Tanna ta riƙa kai wayar bakin zaure tana ɗagawa sama, kamar rezon Tawa ne ya yi laifi.

Kadidiya ta ba ta shawara ta tuna wa Lalla shekarar da ita Lalla ta yi jinyar ɗiyarta a ɗakin nan, ana dafa musu har sunka tashi. Tanna ba ta manta ba, har tabarmar da sunka ƙona da garwashin shayi tana tune da ita. Amma ta ce wancan ta ba Allah, ba ta fiddo shi kasuwa ta saye cuku da shi.

Wata la'asar tana tsince wake, sai wayar ta yi ƙara, farin raƙumi ya haye sama da bokal biyu. Ta goge hannu a zane ta danna na farko. Muryar Rahinatu ce ta fito, Lalla ta turo mata shi yadda ya zo. Muryar na zuba kamar zuma. Tana cewa tsohuwar Tawa ta gaji, ya kamata a hutar da ita. Ta faɗi abin da za ta riƙa biya, sannan don ta ƙara wa maganarta nauyi, ta faɗi abin da take ba Tanna a kan kowane cuku. Wannan kuɗin Lalla ba ta taɓa jin shi ba.

Na biyun Lalla ce, tana haki, iska na kaɗa mata magana.

"Tamgart," ta ce, haka take kiranta, wato tsohuwa da yarensu. "Kin ji ɗiyarki ta Yamai? Ashe haka kike shan nonon shanuna, ni ki bar ni da ƙwarya?" Sai ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce ɗanta Aghali ya dame ta ta amsa wa matar, har sun yi kwanaki ba su shan shayi tare. "Na ce mishi ni ban san ta ba. Ban san gidansu ba, in ta cinye ni ina zan same ta? Ke kuwa na san ƙofarki. Cuku ta hannunki za shi bi. Amma kuɗin da kike ba ni tun haƙoranki na cike, wannan ya mutu, ki yi mishi addu'a."

Daga ƙarshe Lalla ta faɗi sabon kuɗin da take nema. Tanna ta sake saurare, ta kuma sakewa. Ta jawo gefen kallabi ta share ido, ta ce wa Kadidiya ƙaiƙayin wake ne.

Da ta tashi amsawa, ta daɗe tana riƙe da wurin dannawa. Ta gode wa Lalla, ta sa wa shanunta albarka, da rijiyarsu, da Aghali mai son kuɗi, ta roƙi Allah shi raba su da ciwon dabbobi. Sai can ƙarshe ta taya ƙasa kaɗan da abin da Lalla ta nema. Kadidiya ta riƙe baki, ta ce Inna, bayan duk wannan? Tanna ta ce in ta amsa nan take, Lalla za ta zaci ciwo take, ta taso mota ta zo dubiya.

Amsa ta zo bayan kwana kaɗan, Lalla na haki fiye da na farko, tana ce mata marowaciya. Jin hakin nan ne ya sa Tanna ta tuna kowane tayi nata hawan tudu ne ga matar da ta kusa sa'arta. Ta ce ta sallama, yadda Lalla ta faɗa haka za a yi. Ta kira Ɗahiru ta ba shi ganyen shayi da sukari da turmin atamfa shi kai zango, ta ce kada shi ce daga wa, Lalla ta san mai rowar da ta aiko.

Ba a jima ba mace mai tabarau ta dawo da doguwar gaisuwa, wai wayarta ce ta lalace. Tanna ta yi mata jaje. Ta tambayi maigida da yara, ta ce cuku na nan mai kyau, na sabuwar ciyawa.

"Sai dai ɗiyata, kuɗinshi ya ɗan hau," ta ce. "Mai shanun ta waye. Wata baiwar Allah ce daga Yamai ta buɗe mata ido, ni ma ina neman ta in yi mata godiya."