Kiɗan Manya a Falon Ashiru

Shekarar da soja suka koma bariki, duk wanda ya taɓa liƙa fosta a Gyadi-Gyadi sai ya ɗauka gwamnatin gadon gidansu ce. Ashiru yana cikinsu. A da direban tifa ne, amma tun da ya raka wani ɗan siyasa Abuja ya kwana a otal, ya dawo yana yi wa tuwo kallon raini. Kujerar kansila mai gafaka yake nema, ita kuwa tana hannun mutum ɗaya, Alhaji Haruna, uban jam'iyyarsu a Tarauni. Da ƙyar Alhaji ya yarda zai biyo ta gidansa ranar Laraba bayan la'asar, kashegari kuma a raba muƙamai.

Ashiru ya shimfiɗa kafet, ya aro fanka, ya sa matarsa Muhibbat ta turare falo. Saura abu guda. A otal ɗin can ya ji wani kiɗa yana saukowa daga silin, ƙasa-ƙasa, manya suna ƙulla magana a kansa. Shi a ganinsa duk sirrin yana nan.

Ya tafi wajen Ɗan'azumi mai kaset, bakin kasuwar Tarauni.

"Kiɗan hutawa nake so. Na manya."

"Ga kalangu, ga kukuma, ranka ya daɗe. Wanne za a zuba?"

"Kai dai ƙauye bai sake ka ba. Biki na ce maka zan yi? Wanda ba waƙa, ba roƙo, ba guɗa. Mai sanyi."

Ɗan'azumi ya laluba ƙasan kwali ya zaro wani kaset, ya hure ƙurarsa. Sarewa ce zalla, da gurmi yana bin ta a hankali.

"In sanyi kake so, ba kamar wannan. Amma direbobi ba na sayar musu da shi, barci yake sa su a kan sitiyari."

Rabin farkon maganar kawai Ashiru ya ji. Ya gyara hula, ya karɓa.

Ranar Laraba Alhaji ya zo da na hannun damansa, Audu, wani ƙato mai jan ido. Aka ci farfesu, aka sha fura, sarewa tana tafiya. To, ba a yi wa babba maganar buƙata da kwano a gabansa, sai ya wanke hannu ya kishingiɗa ya tambaya da bakinsa. Alhaji ya wanke hannu. Ya kishingiɗa. Ya ce, "To Ashiru, yaya ake..." Ido ya rufe. Mutumin da tun zaɓe maroƙa da 'yan maula ba su bar ƙofar gidansa ba, yau ya samu fanka da sarewa.

Babba kuwa ba a tashinsa. Ashiru ya yi tari. Ya ƙara. Ya miƙa hannu zai kashe rikoda.

"Taɓa ka gani," in ji Audu, murya ƙasa.

Da gefen farko ya ƙare, Audu da kansa ya tashi ya juya kaset. Wutar da kullum ake ɗaukewa, ran nan ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ashiru yana zaune yana gumi a gaban fankar aro, jawabin da ya haddace yana narkewa a bakinsa.

Kiran magariba ne ya tashi Alhaji. "Subhanallahi!" Alhaji ya zura takalmi ya yi waje. Ashiru ya bi shi, ya ce a ransa ko a rakiya ma ai ana magana. Sai ya tarar Sani na Hotoro, abokin takararsa, ya riga ya buɗe ƙofar mota yana durƙuso, ya kuma shige gefen Alhaji kamar tare suka zo.

Alhaji ya sauke gilashi. "Ashiru, ka yi min abin da ba wanda ya yi min. Audu, ɗauko min kaset ɗin nan."

Kashegari Sani ya zama kansila mai gafaka. Da yamma Audu ya kawo saƙo har gida: Alhaji yana gaisuwa, ya ce ya lura Ashiru mutum ne mai son hutu, shi ya sa ya hana a ɗora masa wahala.