Dutse Mai Suna Sumako

Kuribayashi, mijin yayata Sumako, manomin albasa ne, amma hankalinsa duk yana sama. A bayan rumbu ya gina ɗaki mai rufin da ake turewa, ya kafa madubin hangen nesa yana ɗaukar hotunan taurari. Abokinsa Munakata, mai kantin magani a cikin gari, shi ke auna hotunan ya aika wa masu rajistar ƙananan duwatsun da ke kewaya rana. Shekara goma sha ɗaya suna haka, duk dutsen da aka gano sunayensu biyu ake rubutawa.

A ƙa'ida, idan aka tabbatar da hanyar dutse aka ba shi lamba, waɗanda suka gano shi ne ke raɗa masa suna, su rubuta ɗan dalili. Da zarar an buga kuwa, shi ke nan, ba a canzawa. Da dutsensu na farko ya sami lamba, babu wanda Kuribayashi bai gaya wa ba cewa sunan mahaifinsa zai sa, tsohon da ya sare daji ya mayar da shi gona.

Wata rana na je taya Yaya da mijinta tsintar albasa, muna cin shinkafa da gasasshen kifi da rana, sai ga Munakata da takarda. Ko zama bai yi ba ya ce suna ya fito.

"To karanto mana, kai ne mai Turanci," in ji Kuribayashi yana washe baki.

Munakata ya gyara tabarau. "Sumako. An raɗa shi don girmama Kuribayashi Sumako, wadda ta fara ganin ɗigonsa a kan hoto."

Gaskiya ne, kuma duk mun sani. Idanun Kuribayashi sun daɗe da yin rauni. Yaya ce ke zama da safe ta jera hotuna biyu ƙarƙashin gilashi, tana neman ɗigon da ya gusa daga inda yake.

Kuribayashi ya ajiye tsinken cin abincinsa. "Maimaita."

"Ka ji ai."

"Wa ya ce ka aika wannan?"

"Wa na taɓa tambaya? Shekara goma sha ɗaya ni ke rubuta wasiƙu, ko ɗaya ka taɓa dubawa?"

"Matata ce, Munakata! Ka ɗauki sunan matar wani ka maƙala a sama, gwauro da kai? Me kake so mutanen gari su ce?"

"Su ce ita ta gani. Babanka ya taɓa ɗaga kai ya dubi sama in ba neman ruwa yake ba?"

Kuribayashi ya miƙe har kwanon miya ya kife. "Kar ka ƙara sa ubana a bakinka, mai ƙirga ƙwaya! Ni ke daskarewa cikin ƙanƙara, kai kana gindin murhu da ma'auninka."

"In ba ma'aunina ba, hotunanka ko naɗe kifi ba za su yi ba."

Na riƙo rigar Kuribayashi, ya fizge. Yaya kuwa tana goge miyar da ta zube, sai da ta gama tsaf ta miƙa hannu. "Ba ni takardar nan."

Ba ta jin Turanci, amma ta san haruffan. Ta sa yatsa a layin ƙarshe. "Nan fa, inda aka rubuta masu ganowa. Sunan wa da wa?"

Munakata ya yi ƙasa da murya. "Nawa da nasa."

"To. Kai ka san ni na gani, ka sa sunanka a gurbina, sannan ka kawo mini kyauta kana jiran godiya." Ta juya wajen mijinta. "Kai kuma Baban yara, abin da ya dame ka surutun gari. Da an tambaye ni, ina da sunan da nake so in sa."

"Wane suna?" na tambaye ta.

"Ba amfani yanzu." Ta ninke takardar ta mayar wa Munakata. "Tashi ka tafi, muna da aiki."

Daga ranar ba ta sake zama gaban hotunan ba. Kuribayashi ya gwada dubawa da kansa lokacin sanyi guda, bai ga komai ba, ya rufe ɗakin ya cika shi da buhunan taki. Wasu duwatsu uku da suka gano tun da farko sun sami lamba daga baya. Wannan karon sai da yardar su biyun, kowa kuma ya ƙi sa hannu a sunan da ɗayan ya kawo, har wa'adin shekara goma da ake ba masu ganowa su raɗa suna ya wuce, damar ta kuɓuce musu.

Yanzu Kuribayashi na fama da hawan jini. Duk wata sai ya tuƙa mota ya wuce ta ƙofar kantin Munakata, ya tafi garin gaba ya sayo maganinsa.